Yadda Ake Saita Falo Don Jin Fiyano Kamar a Gabanka Ake Kaɗa Shi

Mu da muka taso a Arewa, in aka ce fiyano, abin da ke faɗo mana a rai shi ne ɗan allon nan na Yamaha da ake jona wa wuta a situdiyo, mai fitar da kiɗan waƙoƙin fim da na biki da na siyasa. Ni ma iyakar sanina ke nan har na yi shekaru a Legas, sai ranar da wani abokin aikina Bayarabe ya ja ni cibiyar MUSON da ke Onikan. Muka zauna a ɗakin taro na Agip, ga wani baƙin akwati mai ƙafa uku a kan dandamali, ya fi gado tsawo, ba waya ba sifika. Wata baiwar Allah ta zauna, ta danna maɓalli guda daga can hagu, ta riƙe shi. Sautin ya fito da wani duka mai nauyi, sannan ya yi ta janyewa a hankali har na kasa gane inda ya ƙare.

Da na isa gida Agege a daren nan, bayan gosulon Oshodi, na nemo irin wannan kiɗa na kunna a hom tiyatar da nake tinƙaho da ita. Sai na ji kamar ana buga cokali a kan kwanon sha, ga wani gurnani yana bi ta ƙarƙashi. Wata da watanni na yi ina gyara, kuma yawancin abin da ya yi aiki bai ci mini ko sisi ba.

Duka da jela

Kafin ka taɓa komai, ka san abin da kake nema. Fiyanon gaske, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, kayan duka ne. Yana da maɓallai 88, a bayan kowanne akwai 'yar guduma mai kan ulu da ke dukan tsirkiyar ƙarfe ta koma da baya nan take. Tsirkiyoyin sun kai kusan 230, kuma a babban fiyano ƙarfin ɗaurinsu gaba ɗaya ya doshi tan 20. Maɓallin farko daga hagu yana girgiza sau 27.5 a sakan guda, na ƙarshe daga dama sau 4,186. Wannan adadin girgiza shi ake kira haz. Marigayi Akin Euba, haifaffen Legas a 1935, ya yi suna wajen rubuta kiɗan da ke ɗaukar fiyano tamkar ganguna, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu zai gane dalili.

Saboda haka kowane sauti na fiyano kashi biyu ne: dukan farko, mai kaifi da ƙarfi, da jelar da ke biyo baya tana mutuwa sannu a hankali. Mai goge yana iya ƙara wa sauti ƙarfi bayan ya fara ja, mai fiyano ba ya iyawa. Da guduma ta sauka, sai mutuwa. Ƙananan kayan sauti suna danne dukan, hayaniyar gida kuma tana haɗiye jelar. Duk matakan da ke ƙasa kare waɗannan biyun suke yi.

Matakin farko ke nan: je ka ji na gaske, ko sau ɗaya ne. MUSON na shirya wasanni, ɗalibanta ma suna yin nasu. An ce gani ya kori ji, amma a wannan harka ji ne ke korar zato. Ka lura da abu uku: kaurin sautin ba ya dukan ƙirji irin na motar talla, sautin daga wuri guda yake tasowa ya cika ɗaki, kuma bambancin da ke tsakanin taɓawa a hankali da duka da ƙarfi ya wuce duk yadda ka zata.

Nemo shiru tukuna

Wannan shi ne mafi wuya a Ikko. Sauke manhajar auna ƙara a wayarka (ba ta kai na'urar gaske daidaito ba, amma ta isa kwatance), ka zauna inda kake sauraro, ka duba lamba. Sai ka kashe fanka ka sake dubawa. Ka rufe tagar da ke kallon titi, ka rufe ƙofar kicin saboda firiji, kowane lokaci kana kallon lambar tana sauka. Lambar nan ita ce desibel, ma'aunin ƙara. Duk desibel goma da ka rage, kunne na jin kamar hayaniyar ta ragu da rabi, jelar fiyano kuma ta ƙara tsawo ke nan.

Janareto babban abokin gaba ne, naka da na maƙwabta. Kada neman shiru ya sa ka kulle naka a wani lungu cikin gida. Hayaƙinsa na kashe mutane suna barci. Waje zai zauna, nesa da taga. Ni dai na haƙura da sauraron fiyano in yana aiki. Lokacina shi ne bayan Isha in an kawo wuta unguwa ta yi tsit, ko safiyar Asabar bayan Asuba kafin 'yan danfo su fara kiran fasinja. Safiyar Lahadi kuwa ka bar wa lasifikokin coci.

Sai ƙugin wuta. Kunna amfilifaya ba tare da kiɗa ba, ka kai kunne bakin sifika. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, maɓalli na 11 daga hagu kuma haz 49 ne, kusan ɗaki ɗaya suke kwana. In akwai ƙugi, yana nan zaune a kan kaurin fiyanonka. Jona duk kayan sautin a soket guda, ka raba wayoyin sauti da na wuta kada su yi tafiya a manne, ka cire cajar waya ko ta kwamfuta ka ji ko ya ɗauke. In da inbata kake amfani, ka tambayi mai haɗa maka ko irin mai fitar da wuta sumul ce kamar ta layi. Masu araha da ke fitar da wuta a daddatse sukan sa tiransifomar amfilifaya zuza.

Zaɓen abin da za ka kunna

Ko ka kashe miliyoyi, abin da makirfo bai ɗauka ba sifika ba ta haifar da shi. Ɗaukar fiyano iri biyu ce a taƙaice. Akwai wadda ake cusa makirfo cikin akwatin, daf da gudumomi. Wannan tana da haske da kaifi, amma za ka ji kauri can a bangon hagu, zaƙi can a bangon dama, kamar an miƙar da fiyano ya cika faɗin falo, kai kuma an tura kanka ciki. Yawancin waƙoƙin zamani haka ake yi musu don fiyano ya ratsa ganguna da murya. Akwai kuma wadda ake ja da makirfo baya kaɗan a zaure mai kyau, a ɗauki fiyano tare da amsawar ɗakin. Ita ce ke kama da abin da na ji a Onikan. Kamfanonin faifai irin su Decca, Deutsche Grammophon, Hyperion da BIS sun daɗe suna irin wannan aiki da fiyano shi kaɗai. ECM na birnin Miyunik, wanda aka kafa a 1969, ya shahara da sauti mai fili da doguwar amsawa. Wasu na so, ni a wasu lokuta nakan ji ta yi yawa.

Ga yadda nake tantancewa cikin minti biyu. Na tsallaka ƙarshen kiɗan, inda mai kaɗawa ya yi dukan ƙarshe ya riƙe feda, wato matakin ƙafa da ke barin tsirkiyoyi su ci gaba da amo. In jelar ta mutu da kanta, har ka ji ɗan motsin sakin feda, an yi aiki. In an ja ta ƙasa da hannu ko an datse, na ajiye. Sannan na nemi inda aka tashi daga sanyi zuwa ƙarfi. In duk ƙarar a layi ɗaya take, an matse sautin ne don ya yi amo a mota da wayar hannu, kuma matsi dukan guduma yake fara ci. Tsofaffin ɗauka na zamanin kaset da faifai suna da wani ciwon daban: in injin bai juya daidai ba, sautin na rawa, fiyano kuwa ba ya rawar murya, don haka nan da nan yake tona asiri. Waɗanda aka yi kafin ƙarshen shekarun 1950 galibi hanya ɗaya suke, ba hagu ba dama. Ka ji su don gwanintar mai kaɗawa, kada ka saita falo da su.

A guji waɗanda ake yi wa take da kiɗan barci ko na kwantar da hankali na awa goma. Da yawansu daga kwamfuta suka fito.

Fayil da hanyar da yake bi

Fayil ɗin MP3 mai kilobit 128, irin wanda masu turi ke zuba maka a memori, yana zubar da wani ɓangare na sautin. A kiɗa mai cunkoso ba ka lura, amma a fiyano za ka ji dukan ya dushe, jelar kuma tana wani kaɗawa kamar a ƙarƙashin ruwa. Daga kilobit 256 zuwa 320, yawancin kunnuwa ba sa rarrabe shi da faifan CD. In kana son cikakke, nemi fayil irin FLAC, wanda ba ya zubar da komai: ingancin CD na cin kusan megabait 10 a minti, FLAC ya rage shi zuwa kusan rabi, wato awa guda ta tashi wajen megabait 300. Sauke shi sau ɗaya inda data ke da sauƙi. Kada ka ɓata kuɗi kan fayilolin da ake tallar sun ninka CD. Ma'aunin CD ya riga ya wuce haz 20,000, iyakar jin ɗan Adam, balle mu da hon ɗin Legas ya riga ya ci rabonsa.

In da Spotify ko Apple Music kake ji, shiga saiti ka ɗaga inganci zuwa ƙarshe. A Spotify akwai wurin daidaita ƙarar waƙoƙi. Kada ka zaɓi matakin da ya fi ƙara, domin yana aske kan dukan. Sai ka kashe duk wani ƙarin kauri, da sautin kewaye, da ikwalaizar wayar. Maɓallan bes da tirebul na amfilifaya su tsaya a tsakiya cak. Bulutut yana sake matse sauti. Jonawa da wayar sauti ta fi, ko da 'yar jonar nan ce ta USB-C da ake samu a Computer Village, Ikeja.

Sifiku da amfilifaya

A nan na gano ciwon hom tiyatata. 'Yan sifikunta biyar, kowacce kamar gwangwanin madara, ba sa iya sauka ƙasa, wufar kuma, wato babban akwatin kauri, gurnani kawai ta iya. Tsakaninsu akwai rami, kuma a irin waɗannan kaya ramin yakan faɗa wajen haz 100 zuwa 200, daga maɓalli na 23 zuwa na 35. Nan ne hannun hagun mai kaɗawa ya fi zama, nan ne jikin katakon fiyano yake. Shi ya sa na ji cokali a sama, gurnani a ƙasa, tsakiya wayam.

Abin da kake bukata sifiku biyu ne masu kyau, kowacce da babban baki na inci 5 zuwa 6 da rabi da ƙaramin bakin zaƙi, ko dai masu amfilifaya a ciki irin na situdiyo, ko waɗanda za ka haɗa wa amfilifaya daban. Kada ka damu da cewa ba sa kaiwa haz 27.5. Fiyanon kansa ba ya fitar da wannan ƙasan da ƙarfi. Kunne ne ke cike gurbin daga sautukan da ke hawa a kansa.

Batun wat kuma, ba girin-girin ba, ta yi mai. In ka ga an rubuta dubban wat da haruffan PMPO a kwali, ado ne. Nemi lambar RMS, ita ce wat na gaskiya. Lissafin shi ne: ƙarin desibel 3 na bukatar ninka wat sau biyu, ƙarin desibel 10 sau goma. In kana ji a wat ɗaya, aka yi duka mai desibel 20 sama da haka, amfilifaya na bukatar wat 100 na ƙiftawar ido. In ba ta da shi, sai ta datse kan dukan, ka ji wani tsatsa-tsatsa kamar an taka gilashi. A ƙaramin falo, wat 40 zuwa 60 na gaskiya a kowane gefe ya wadatar muddin kana zaune kusa.

In za ka kasuwar Alaba ta Ojo, tafi da kiɗanka a waya, ka ce a kunna maka shi, ba wanda mai shago ya zaɓa ba. In tokumbo ne, cire ragar gaba ka shafa zoben da ke kewaye da babban bakin. Na soso yakan ruɓe a danshin Legas, na roba ya fi juriya. Ka sa kunne a kowane ƙaramin baki ka tabbatar duka biyun na magana.

Inda za su zauna

Nan ne riba take, kuma tef ɗin awo kawai ake bukata. Sifiku biyu da kanka su zama kamar duwatsun murhu, tazara ɗaya tsakanin kowanne biyu. A falon haya, ƙafa 5 zuwa 6 ya yi. Ƙananan bakunan su yi daidai da tsayin kunnenka a zaune, a kan abin da ba ya rawa, ba a ƙasa ba, ba a cikin kabad ɗin talabijin ba. Janye su daga bango kamar ƙafa ɗaya da rabi, kada ko ɗaya ta shiga kusurwa, sannan ka ɗan karkato fuskokinsu su dube ka. Gefen hagu da na dama su yi kama gwargwadon hali.

Duba wayoyin: ja ga ja, baƙi ga baƙi, a duka ɓangarorin. Gwajin shi ne ka kunna labaran rediyo da Hausa. Muryar mai karatu ta tsaya a tsakiya, dunƙule, kamar mutum na zaune tsakanin sifikun. Wani dattijo maƙwabcina mai harkar shanu a Oko-Oba ya taɓa kirana wai kayansa sun lalace, tafsirin da yake ji kamar malamin na yawo a ɗaki. Na leƙa baya na ce, "Alhaji, waya ɗaya ce a juye." Ya ce, "To ai tana magana, Malam, ina ruwan sauti da ja da baƙi?" Na juya ta, muka sake kunnawa. Ya yi shiru, ya nuna tsakiyar bango da carbinsa, ya ce, "Ikon Allah, ga shi nan ya zauna." In waya ɗaya ta juye, baki ɗaya na turawa ɗaya na ja, kauri ya cinye kansa. Wanda ba ruwansa da kiɗa ma, wannan saitin zai gyara masa karatu da wa'azi.

Sai kujerarka. Sauti na tafiyar mita 343 a sakan, kuma kowane ɗaki na da sautin da yake kumburawa: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin a mita. Ɗakinmu na gama-gari mai ƙafa 12 da 12, wato mita 3.66, yana kumbura haz 47 da kuma ninkinsa 94, kuma tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ninki ne. Maɓalli na 10 kusan nan yake faɗawa. Jikin bango kumburin ya fi tsanani, tsakiyar ɗaki cif kuma kaurin ɓacewa yake. Don haka ka janye kujera daga bangon baya aƙalla ƙafa biyu, amma kada ta kai tsakiya. Kunna inda hannun hagu ke sauka maɓalli bayan maɓalli, ka riƙa matsawa taƙi ɗaya gaba ko baya har ka sami inda babu wanda ya yi tsalle ya fi 'yan uwansa. Ka manna ɗan salatif a ƙasa. Ranar da na yi nawa, uwargida ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Maigida, wai kujerar nan a nan za ta kwana?" Muka sasanta: in na gama, ta koma jikin bango, salatif ɗin ya zauna.

Tayil, gilashi da bango

Tsaya tsakiyar falo ka tafa sau ɗaya. In ka ji wani ƙirrr na bin tafin, ɗakin na jifan sauti tsakanin bango da bango, kuma wannan ne ke mayar da zaƙin fiyano ƙarar kwano. Gidajen Legas tayil ne a ƙasa, siminti a gefe, gilashi a taga, duk masu mayar da amo. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifiku, ka kawar da teburin gilashi daga wurin. Sannan ka zauna a kujerarka, yaro ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe; duk inda ka hango sifika a madubin, nan sauti ke fara dukan bango ya dawo kunnenka. Rataya labule mai nauyi da ninki a nan, ko darduma mai kauri da ɗan fili a bayanta, ko ka jingina kantar littattafai. Haka a ɗaya gefen.

Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ɓata fenti ne, ga haɗarin gobara. Siririn soso kuma zaƙi kaɗai yake sha, ya bar kumburin kauri yadda yake. Kauri sai abu mai jiki, irin kujerun kushin ko katifa da aka naɗe a kusurwa. Kada kuma ka wuce gona da iri. Na taɓa lulluɓe ko'ina har fiyanon ya koma kamar ana kaɗa shi cikin buhu, sai da na cire rabi.

Murɗa ƙara

Nemi wurin da ya fi ƙarfi a kiɗan, ka saita ƙarar a nan: ya cika ɗaki, amma ba ka yamutsa fuska. Daga nan ka ɗauke hannunka. Wurare masu sanyi za su yi ƙasa sosai, haka ake so, kada ka bi su da rimot. In ka rage ƙarar da yawa kauri ne ke fara ɓacewa, domin haka kunne yake, kamar yadda Fletcher da Munson suka auna tun 1933. Maganinsa matsowa kusa da sifiku, ba ƙara bes ba. In manhajar wayarka na yawan zama sama da desibel 85, ka yi yawa, ga kunnenka ga maƙwabta. In an kira salla kuma ka tsayar.

Wanda ke gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, ga bango kamar takarda, hedifon mai waya da ke rufe kunne gaba ɗaya ya fi masa duk abin da na lissafa. Yana toshe janareton maƙwabci, jela na fitowa tsaf. Aibinsa guda: fiyanon na zama cikin kanka maimakon gabanka, musamman a ɗaukar da aka cusa makirfo ciki, don haka zaɓi wadda aka ɗauka daga nesa.

Canji ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda, da kiɗa guda da ka haddace, minti ɗaya ko biyu, kana rubuta abin da ka ji. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli musamman, ka riƙa kunna kayan ko na rabin awa ne duk bayan kwana biyu don danshi ya fita, ka goge bakin wayoyin in sun fara kore, waɗanda ke kusa da teku irin su Obalende da Lekki su fi kowa kula. In hadari ya taso da walƙiya, zare filogi daga bango gaba ɗaya, kuma in an dawo da wuta ka ba ta minti biyu ta daidaita kafin ka mayar.